Mawaƙin da Ya Yi Tuƙi Cikin Maye: Shin Sana'arsa Ta Ƙare Ke Nan?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai ba da hayar rumfuna da lasifika ne a nan Maradi, kuma sau da yawa ni nake haɗa masu biki da mawaƙa. Akwai wani mawaƙi da muke aiki tare. Kwanakin baya ya taso daga wurin biki cikin dare a buge, ya ja mota, ya kaɗe wani ɗan kabu-kabu a hanyar Tsibiri. Yaron bai mutu ba, amma ya karye a cinya, babur ɗin ma ba nasa ba ne. Yanzu mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa kada a ƙara gayyatarsa, kada rediyo ta ƙara sa waƙarsa har abada, wasu kuma na cewa Allah ma ana yi masa laifi ya yafe. Ni kuma akwai alkawarin bukukuwa tsakanina da shi bayan salla. Malam, wanda ya yi irin wannan, shari'a ta raba shi da sana'arsa ke nan? In na ci gaba da ba shi aiki, ina da laifi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ban san wani nassi ba, aya ko hadisi, da ya sanya raba mutum da hanyar abincinsa har abada a matsayin hukuncin shan giya ko na ɓarnar da ya yi a cikin maye. Amma kada wani ya ɗauki wannan jimla ya ruga da ita, domin abin da shari'a ta ɗora wa wannan mawaƙi ya fi nauyi a kan abin da ɓangarorin biyu suke jayayya a kai, kuma a cikin tambayarka ban ji wanda ya ambaci haƙƙin yaron da ke kwance ba.

Laifi biyu ya yi a dare ɗaya. Shan abin maye haramun ne da ayar suratul Ma'ida ta 90, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kowace giya kuma haramun ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wannan hadisi ya shigo da tramol da wiwi da ruwan kodin da ake sha don a bugu, kuma a garin nan wanda ke tuƙi bayan ya haɗiyi ƙwaya ba ya ganin kansa mashayi don bai taɓa kwalba ba. Hukuncinsu ɗaya. Laifi na biyu shi ne hawa titi a wannan hali. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, maye kuwa abin da yake fara kashewa shi ne saurin taka birki da iya auna nisa, alhali mutum yana jin kansa garau. Ga hanyoyinmu da dare: amalanken shanu babu fitila, babura, mutanen ƙauye masu dawowa daga kasuwa a ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ce ta fi kowa asara. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, wanda ya karya su kuma ya jawo ɓarna, lamuni yana kansa.

Malamanmu na Malikiyya ba su jira zuwan mota ba. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai kora dabba da mai janta da wanda ke kanta duk suna lamunin abin da ta taka. Ya kuma ce wanda ke cikin maye in ya yi kisa a kashe shi, wato in da gangan ya yi, mayensa ba ya zama masa uzuri kamar yadda hauka ke zama uzuri, domin shi ya jawo wa kansa gushewar hankali. Haɗarin mota dai yawancin malaman zamani suna sa shi a babin kuskure tunda direba bai nufi wani mutum ba. Da yaron nan ya rasu, da diyya ta wajaba, da kaffarar azumin wata biyu a jere bisa ayar suratun Nisa'i ta 92, ban da horon da hukuma za ta ƙara saboda gangancin. Tunda Allah ya tsare ransa, ana jira raunin ya warke sannan a ƙiyasta abin da ya rage masa na naƙasa a biya shi. Kuɗin asibiti da abin da iyalinsa za su ci a watannin da ba ya fita aiki, ni dai ina ganin suna wuyan wanda ya kaɗe shi, bisa ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa. Babur kuwa ba a ma tsaya tambayar niyya, domin a dukiyar mutane ganganci da kuskure hukuncinsu ɗaya: a gyara ko a biya mai shi.

Masu cewa Allah ma yana yafewa sun faɗi gaskiya, sai dai sun ajiye ta inda ba wurinta ba. Allah yana yafe haƙƙinsa ga wanda ya tuba. Cinyar ɗan kabu-kabu kuwa ba masoyan mawaƙi ke da ikon yafe ta ba. Kuma abin da na fi tsoro a irin wannan lamari ba tsananin jama'a ba ne, a'a, shi ne a wayi gari manya sun shiga tsakani, an buga waya, an ba iyayen yaron ɗan abin da bai kai ya kawo ba, an ce su yi haƙuri ƙaddara ce, su kuma kunya da talauci su sa su yi shiru. Lokacin da wata mata Bamakhzumiya ta yi sata aka tura Usama ɗan Zaid ya nema mata sassauci, Annabi ya yi fushi, ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne in babba ya yi sata a cikinsu sai su ƙyale shi, in mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Saboda haka duk abin da jandarma da kotu za su yi wa direban da babu wanda ya san sunansa, shi ya kamata a yi wa wannan. Karɓe masa permi, wato lasisin tuƙi, na tsawon lokaci shi ne horon da ya fi dacewa da laifin, tunda a bakin sitiyari ya cutar da mutum. Haddin giya, bulala 80 a mazhabarmu, aikin shugaba ne, ba na samarin unguwa ba, kuma ƙasarmu ba ta zartar da shi, don haka babu wanda zai ɗauki doka a hannunsa.

To, batun sana'a. A nan akwai ƙissar da ta yi kama da tambayarka fiye da yadda za ka zata. Bukhari ya ruwaito daga Umar ɗan Haɗɗabi cewa a zamanin Annabi akwai wani mutum mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, wanda ya kasance yana ba Annabi dariya. An yi masa bulala saboda giya, aka sake kawo shi wata rana, aka sake yi masa. Sai wani ya ce Allah ya la'ance shi, sau nawa ake kawo shi. Annabi ya ce kada ku la'ance shi, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ta Abu Huraira game da wani mashayi, ya hana su yi masa mugun baki, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Duba da kyau. Rahar Abdullahi ba ta hana a yi masa bulala ba, ko sau ɗaya. Bulalar kuma ba ta sa an kore shi daga cikin mutane ba. An hukunta shi iyakar hukuncin, aka tsaya nan.

Wani zai ce ai Umar ya tuɓe Ƙudama ɗan Maz'un daga kujerar gwamnan Bahrain a kan shan giya, duk da ya halarci Badar kuma surukinsa ne, Usman ma ya tuɓe ɗan'uwansa Walid ɗan Uƙba daga Kufa. Haka ne, Allah ya yarda da su baki ɗaya. Amma shugabanci amana ce da jama'a suka damƙa, ana karɓe ta daga wanda ya raunana ta. Kasuwancin mutum da gonarsa da sana'ar hannunsa daban ne, ba mu ji an hana su neman abinci ba. Daga nan nake fitar da bambanci ga mawaƙinku. In akwai wani matsayi na wakilci da yake riƙe da shi, kamar a ce shi ne fuskar wani gangamin wayar da kan matasa, ko wani kamfani ya ɗauke shi talla saboda mutuncinsa, ko ana kai shi makarantu ya yi wa yara magana, sauke shi daga wannan daidai ne, kuma bai da bakin cewa an zalunce shi. Da sunansa ya samu wurin, shi kuma ya ɓata sunan. Amma a ce kada ya ƙara buɗe baki ya yi waƙa har ya mutu, ko ya tuba ko bai tuba ba, ko ya biya ko bai biya ba, wannan ƙari ne a kan abin da Allah ya hukunta. Kuma ba shi kaɗai zai sha ba. Bayansa akwai makaɗa da ƴan amshi da mata da ƴaƴa waɗanda ba su sha komai ba, Allah kuwa ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Sannan in an toshe masa hanyar samu, da me zai biya yaron?

Ƙaurace masa na wani lokaci kuwa yana da asali. Ka'abu ɗan Malik, wanda shi ma mawaƙi ne cikin mawaƙan Annabi, ya zauna bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira, ba tare da uzuri ba, aka hana mutane yi masa magana shi da abokansa biyu har dare 50, sannan ayar suratut Tauba ta 118 ta sauka da karɓar tubarsu, sahabbai suka yi ta rige-rigen yi masa albishir. Ƙauracewar tana da manufa, tana kuma da ƙarshe. Ita ce ma'aunin da nake ba ku. Matuƙar mawaƙin nan bai je ya duba wanda ya kaɗe ba, bai ɗauki nauyinsa ba, ko yana tinƙaho da abin da ya yi, ko har yanzu ana ganinsa a buge yana tuƙi, to daina gayyatarsa abu ne mai kyau, wanda ya yi da niyyar gyara yana da lada. Annabi ya ce duk al'ummarsa ana yi mata afuwa ban da masu bayyana saɓo, wanda kuma dubban samari ke kwaikwayon tafiyarsa da ɗinkin rigarsa bayyanawarsa ta fi ta kowa illa. In kuwa ya sauke haƙƙi, ya karɓi hukuncin hukuma ba tare da neman hanyar baya ba, aka ɗauki lokaci ana ganin ya bar shaye-shaye, to babu dalilin ci gaba da rufe masa ƙofa. Malaman fiƙihu ma haka suka yi da shaidar mashayi: ana ƙin karɓarta, in tubarsa ta bayyana kuma halinsa ya gyaru a ci gaba da karɓa. Ban sa muku adadin watanni ba da gangan, domin mutane sun bambanta, kuma mai shaye-shayen da ya kai ga kamu yana buƙatar likita tare da wa'azi.

Duk wannan ina faɗarsa ne a kan waƙar da ba ta ƙunshi batsa ko zambo ko kiran mutane zuwa ga shaye-shaye ba. Saɓanin malamai a kan kiɗa sananne ne, ba shi ka tambaya ba. Waƙar da kanta take ɓarna kuwa barinta wajibi ne ko mai ita bai taɓa kaɗe kowa ba.

Saura kai. Alkawarin da ka ɗauka tun kafin abin ya faru ba naka kaɗai ba ne, akwai masu biki a ciki. Ka je ka gaya musu halin da ake ciki, kada ka ɓoye. Wanda ya ce ya fasa, haƙƙinsa ne, babu mai tilasta wa mutum ya kira wani gidansa, sai a daidaita batun kuɗin da aka riga aka bayar bisa abin da kuka yi sharaɗi. Wanda ya ce a ci gaba, ba ka da laifi in ka kai shi, da sharaɗi uku da za ka faɗa masa a gaban shaidu: babu abin maye a wurin, ba shi zai tuƙa kansa ba zuwa da dawowa, kuma a ware wani kaso na kuɗin kowane biki a kai wa yaron da mai babur har a gama biya. In ya ƙi, ka janye hannunka, ba ka karya alkawari ba, domin Allah ya hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka.

Ka kuma bincika wani abu tsakaninka da Allah. A daren nan akwai wanda ya kawo masa abin da ya sha, akwai waɗanda suka ga yana tangaɗi ya nufi mota ba su karɓe makullin ba, wataƙila don suna jin nauyinsa. In cikin yaranka ne masu kafa rumfa da jona lasifika, ka tara su ka gaya musu cewa daga yau duk wanda suka gani a wannan hali, mawaƙi ne ko ango ko kai kanka, su riƙe makulli su nemo mai kai shi gida, fushinsa na wannan dare kuma kai za ka ɗauke musu.

Wallahu a'alamu.