Fatawa: Rijiyar Gida Ko Ruwan Famfo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina gini a Kano, filina ƙafa 50 ne a 50, kuma layin hukumar ruwa ya biyo ta bakin titinmu. Wasu sun ce in haƙa burtsatse don ruwan famfo yana warin magani, alwala da shi akwai shakka. Wasu kuma sun ce rijiya a cikin unguwa ba ta rabuwa da najasa. Wanne zan ɗauka? In na haƙa, ya halatta in sayar wa 'yan garuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ta fuskar tsarki babu wanda ya fi wani. Ruwa yana kan tsarkinsa matuƙar najasa ba ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba. Da aka tambayi Annabi (SAW) game da rijiyar Buda'a, cewa ya yi ruwa mai tsarkakewa ne, babu abin da ke najastar da shi, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, kuma malamai sun haɗu a kan cewa wanda najasa ta jirkita ya fita daga wannan hukunci. Ruwan rijiya mai zartsi ko mai jan ƙasa ana alwala da shi, domin Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala, ya keɓe jirkitar da ƙasar da ruwan yake zaune a cikinta ta jawo.

Warin kulorin, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, shi ma ba ya hana komai. Ɗan kaɗan ake sakawa don kashe ƙwayoyin cuta, abin da ake so ya iso bakin famfo bai wuce miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita ba, kuma sunansa ruwa bai canza ba. Shehu Khalil a Mukhtasar ya yi rangwame a warin kwalta da ke kama ruwan salkar matafiyi, to abin da aka saka don gyaran ruwan kansa ya fi cancantar rangwame. Wannan shakka waswasi ce, a ajiye ta.

Inda hukuncin ya rataya shi ne cuta, saboda hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. Ruwa yana iya zama garau, alwala ta inganta da shi, amma yana ɗauke da kwalara ko taifot. A Tibirin Maradi ruwan burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa, alhali a fiƙihu tsarkakakke ne.

Ka auna filinka. Tazarar da masana tsafta ke nema tsakanin rijiya da ramin masai ko sokawe mita 30 ce, a kuma sa rijiyar ta ɓangaren tudu. Ƙafa 50 kuwa mita 15 ce da 'yan kai. Ko ka kai masanka ƙarshen kusurwa ba za ka samu wannan tazara ba, ga kuma na maƙwabta a bayan katanga ta gefe uku. Rijiyar hannu a irin wannan fili ba na ba ka shawarar sha daga gare ta, musamman da damina, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa ya haɗu da na masai.

Burtsatse ta fi dama-dama, da sharuɗɗa. A fara binciken ƙasa, domin mafi yawan Kano a kan dutse take, ruwa a tsagar dutse yake, ana iya kashe kuɗi a tarar da rami busasshe. A cike gefen kesin, wato bututun da ake zurawa cikin ramin, da siminti aƙalla mita 3 daga sama. Nan ne masu haƙa ke yin ha'inci, su mayar da ƙasa kawai, sai ruwan kwata ya bi jikin bututu ya gangara. A yi dakali a rufe baki. Kafin a fara sha a kai ruwan ɗakin gwaji: kada a samu ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a mililita 100, naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid kada ya wuce 1.5. A maimaita gwajin duk shekara.

Don haka abin da na rinjayar maka, in ruwan yana zuwa layinku ko da sau biyu ne a mako, ka ja famfo ka sa tanki. Gida mai mutum 10 a lita 50 kowanne yana shan lita 500 a yini, tankin lita 2,000 zai kai ku kwana huɗu. Kada bututunka ya bi ta cikin kwata, domin idan aka ɗauke ruwa bututun da ba komai a ciki yana zuƙo ƙazanta ta duk inda ya tsage. Ka zubar da ruwan farko in ya zo da datti, ka wanke tanki duk wata shida. In kuwa layin suna ne kawai, ba ya kawowa, to burtsatse bisa sharuɗɗan can.

Abu biyu haramun ne a famfo: jona bututu a ɓoye ba tare da biyan hukuma ba, domin cin dukiyar jama'a ne, da ɗaura injin zuƙo kai tsaye a kan layi, wanda ke busar da famfon na ƙasa da kai.

Sayar da ruwan rijiyar da ka haƙa a mallakarka halal ne a mazhabar Malikiyya, domin ka kashe kuɗin haƙa da sumo (injin jawo ruwa) da wuta. Wanda ƙishirwa ke neman halakawa kuma ba shi da kuɗi, wajibi ne ka ba shi kyauta. In ka fitar da famfo ɗaya waje don maƙwabta ka bi sawun Sayyidina Usman, wanda ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Sai dai ruwan da ka san gwaji ya nuna gurɓatacce ne, bai halatta ka sayar da shi don sha ba tare da ka bayyana aibinsa ba.

Wallahu a'alam.