Hukuncin aikin gonar inabi a ƙauyen da ke rayuwa da giya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a kudancin Sifaniya, na samu aikin kaka a Kompeta, wani ƙauye a kan duwatsun gabashin Malaga. Mai gonar yana shanya wani kaso na inabinsa ya zama zabibi, sauran kuma ya kai wa masu yin giya. Ya halatta in yi masa aiki? Sannan abokan aikina sun gayyace ni bikin garin na watan Agusta da zagayen wuraren tarihi.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a nemanka.

Noman inabi shi kansa babu laifi a cikinsa. Imam Al-Ƙarafi, cikin manyan malaman Malikiyya, ya kawo shi a matsayin misalin abin da al'umma ta haɗu a kan ba a hana shi don tsoron kada a yi giya da shi. Yankin da kake ma shaida ne. Musulmi sun zauna a waɗannan ƙauyuka ɗaruruwan shekaru suna noma inabi suna yin zabibi, har ƙasar ta faɗa hannun sarakunan Kirista a 1487, aka kuma kori jikokin Musulmin bayan tawayen da suka yi a 1569. A 1878 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya shiga lardin Malaga ya gama da gonaki, ga girgizar ƙasar 1884 a kai, amma sana'ar zabibi ba ta mutu ba. A 2017 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta cikin gadon noma na duniya. Saboda haka tsinko inabin da za a shanya, ɗora kwanduna a kan alfadari saboda gangaren da mota ba ta iya hawa, juya nonnan inabi a mashanya, da tsinke zabibin da almakashi, duk aiki ne na halal kuma ladansa mai tsarki ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha ruwansa.

Inda maganar take da nauyi shi ne kason da ka san matsewa za a yi. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mutum goma game da giya, cikinsu har da mai matse ta, da wanda aka matsa dominsa, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Ka lura, mai matsewa ruwan inabi kawai yake fitarwa, bai zama giya ba tukuna, amma la'anar ta same shi saboda an san inda ruwan ya dosa. A kan wannan da faɗin Allah a Suratul Ma'ida, aya ta 2, cewa kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka, Malikiyya da Hanabila suka haramta sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi. Shafi'iyya ma sun haramta idan an tabbatar. An ruwaito sauƙi daga Imam Abu Hanifa, yana ganin saɓon ba a jikin ruwan inabin yake ba, sai bayan an canza shi. Ni dai hujjar jumhuru, wato mafi yawan malamai, ta fi ƙarfi a wurina, domin hadisin bai jira ruwan ya zama giya ba. Wanda aka ɗauka haya ya tsinko inabin da aka ware wa gidan giya, ko ya kai shi can, hukuncinsa ɗaya da mai sayarwar.

Abin yi shi ne ka zauna da mai gonar ka nemi ya ajiye ka a ɓangaren zabibi. Wannan ba roƙo ne mai wuya ba, don aikin shanya yana cin hannu da yawa. Idan inabin a haɗe ake tsinko shi, sai daga baya mai gona ya zaɓi na shanya, ka tsinka, amma kada ka kai kaya gidan giya, kada ka taka inabi don matsewa, kada ka cika tulu ko kwalba. Idan gonar gaba ɗaya ta giya ce, nemi wani aikin. Wanda ba shi da abin kai wa baki kuma babu wata ƙofa, ya yi gwargwadon lalura yana neman mafita. Son ƙarin kuɗin aikawa gida kuwa ba lalura ba ne.

Bikin 15 ga Agusta sunansa ma Daren Giya, ana taka inabi a dandali ana raba giya ga jama'a. Kada ka je. Hadisin Jabir ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ka ba abokanka uzuri cikin mutunci, ka gayyace su shayi wata rana.

Zagayen gari kuwa ya halatta: fararen gidaje, lunguna, mashanyar zabibi a gangaren duwatsu. Ka ƙarasa Arces, ƙauyen da ke kusa, ka ga hasumiyar tsohon masallaci ta jan bulo tun zamanin sarakunan Musulmi na Garnaɗa, wadda yanzu ƙararrawar coci ce ke rataye a kanta. Cocin Kompeta da ke dandalin garin, kallonsa daga waje ba komai. Shiga ciki ne malamai suka yi saɓani a kai, kuma Bukhari ya kawo cewa Umar (RA) ya ƙi shiga coci saboda mutum-mutumin da ke ciki. Cocin Katolika ba ya rasa su, don haka barin shiga ya fi, musamman lokacin ibadarsu.

Wallahu a'alam.