Na yi gyara jan tabon ya ɓace, aikina ya lalace ke nan?

Tambaya: Salam Dokta. Ni ɗalibi ne a Aboabo nan Kumasi, ina aikin kammala karatu da bayanan fMRI (hoton aikin ƙwaƙwalwa da injin MRI ke ɗauka) na mutum 20 da na sauke a intanet. Da farko taswirar ƙwaƙwalwar ta fito da jan tabo ko'ina, da na yi gyaran yawan gwaji (matse iyakar lissafi saboda an gwada wurare da yawa lokaci ɗaya) sai duk suka ɓace. Abokina ya ce in cire gyaran kawai in miƙa. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, aikin bai lalace ba, abokin nan naka ne zai kai ka ya baro.

Yi lissafin da kanka. Boksel (ƙananan ɗigon da ake raba hoton ƙwaƙwalwa zuwa gare su) 100,000, iyaka 0.05, wato an yarda da kuskure 5 cikin 100, ko ba abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar mutum wajen 5,000 za su yi ja. A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa sun sa kifin salmon cikin injin suna nuna masa hotunan mutane, da ba su yi gyara ba sai ga tabo a ƙwaƙwalwarsa. Mataccen kifi fa, irin wanda ake kasawa a kasuwar Kejetia!

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kullum shi ne a ga ja a ce wai nan ne ya "kunna". Injin bai ga tunani ba, canjin oksijin a jini yake aunawa, shi ma sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 yake kai ƙololuwa, launin kuma kwamfuta ce ta shafa shi bisa iyakar da kai ka zaɓa, ka sassauta ya bazu ka matse ya ɓace. Da wannan ruɗin masu na'urar bogi ke cin kuɗin iyayenmu a tashar mota, a ba tsohuwa ƙarfe ta riƙe, allo ya yi ja, wai an ga ciwo a kanta, kawo sidi. Haba! Wanda ya yi karatu ya cire gyara don tabo ya fito, me ya raba shi da su? Ranar gobe duk za a tambaya.

In gyaran Bonferroni ka yi, wato raba 0.05 da yawan boksel, e, ya yi tsauri, don boksel maƙwabta tare suke tashi tare suke sauka, balle bayan sumudin, wato an sulɓe hoton ta haɗa kowane boksel da maƙwabtansa. Gwada hanyar gungu, mai duba girman tarin boksel maƙwabta maimakon ɗaya-ɗaya, amma a hankali: Eklund da Nichols da Knutsson sun nuna a 2016 kuskurenta na iya kaiwa kashi 70 cikin 100 maimakon 5. Sa iyakar farko ta ware gungu 0.001, ko ka bi ta cakuɗa bayanai da randomise na manhajar FSL. In har yanzu ba tabo, rubuta haka, ka faɗi cewa mutum 20 ne kawai.