Na Gaji da Aikin Banki, Shin In Ajiye In Koma Kasuwar Hatsi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 36, da mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma shekarata tara ina aiki a wani banki a Kano, a sashen da ake fita neman masu ajiya. Kowane wata akan yanka mana adadin kuɗin da za mu shigo da su, in ba a cika ba sai faɗa da barazanar kora. Yanzu barci ya ƙaurace mini, daga yammacin Lahadi gabana yake fara faɗuwa, kuma dama zuciyata ba ta taɓa kwanciya da batun kuɗin ruwa ba. Kawuna yana sana'ar hatsi a Dawanau, ya ce in zo mu yi tare. Shin in ajiye aikin yanzu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya kawo maka mafita. Abin da ka bayyana ba raki ba ne, domin aikin da ya hana mutum barci ya riga ya fara cin lafiyarsa, saboda haka kafin komai ina ba ka shawarar ka je asibiti a auna jininka, ka kuma gaya wa likita batun rashin barcin nan dalla-dalla. A ganina kana da hujjar barin wannan aiki, amma ba na goyon bayan ka miƙa takarda a wannan watan.

A cikin wasiƙarka ka haɗa damuwa biyu da maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma sai ka raba su kafin ka san inda za ka dosa. Idan batun riba ne ya fi tsaya maka a rai, to ba lallai ne ka zubar da gogewar shekara tara ba, tunda akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus kuma a 2021, kuma mutumin da ya san 'yan kasuwar Kano da yadda ake jawo su yana da abin da zai nuna a wurin neman aiki. Sai dai ka sani cewa sashen neman masu ajiya, a kowane irin banki, ba ya rabuwa da adadin da ake yanka wa ma'aikaci. Idan kuwa matsin ne yake cinye ka, to ka fara tambaya ko akwai damar a sauya maka sashe, kamar na bincike ko na lura da asusu, ko kuma ka nemi aikin kula da kuɗi a kamfanonin da ba banki ba. Idan ka yi wa kanka adalci ka ga cewa aikin albashin ne gaba ɗaya ya fita daga ranka, a nan ne maganar Dawanau take da ƙarfi.

Tayin kawunka abu ne mai daraja, domin yawancin masu barin ofis su shiga kasuwa ba jari ne yake kayar da su ba, rashin wanda zai riƙe hannunsu ne. Amma kada ka ɗauka sana'ar hatsi ita ce sayen buhu da kaka a jira bazara a ci riba. Akwai la'adar dillali, da kuɗin mota da na 'yan dako, da hayar sito, da maganin ƙwari, da raguwar nauyi idan an sayi kayan da ba su gama bushewa ba, sannan ga bashin da ake bayarwa da baki wanda ba kullum yake dawowa a kan lokaci ba. Farashin ma ba shi da alƙawari. A tsakiyar 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara da alkama da wake, na tsawon kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai, har mutane da yawa da suka yi ajiya suna jiran tashi suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ɗan kasuwar da ya daɗe a harkar yakan jure irin wannan shekara, amma sabon shiga da ya zuba duk abin da ya tara ba ya jurewa.

Saboda haka shawarata ita ce ka gwada kasuwar tun kana karɓar albashi. Ka riƙa zuwa wurin kawu ranar Asabar, ka ɗauki hutunka na shekara a lokacin kaka ka bi yaransa kasuwannin ƙauye, ka ga yadda ake duba kaya, da yadda ake ciniki, da yadda ake yini a rana ana jiran mota. Ka sa kuɗi kaɗan, wanda ko ya salwanta gidanka ba zai girgiza ba, ka rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita har a sayar. Kafin ka yi haka ka karanta takardar ɗaukarka aiki, domin bankuna kan sa sharaɗi game da harkar kasuwanci ta gefe, kuma bai kamata ka bar ƙofar da za a zarge ka da ita ba. Wannan gwaji zai nuna maka abin da tunani ba zai nuna ba, wato ko kasuwar kake so, ko kuwa gudun ofis ne kawai yake ƙawata maka ita. Hausawa sun yi gargaɗi a kan sakin reshe a kama ganye, kuma mai iyali shi ya fi kowa buƙatar jin wannan gargaɗi.

Akwai kuma maganar da mutanenmu suke jin nauyin yi, amma dole ne a yi ta. Ka zauna da kawu ku fayyace matsayinka: abokin tarayya ne kai mai jari, ko mai koyo ne da za a riƙa sallama? Idan tarayya ce, nawa ne rabonka a riba, wa zai ɗauki asara, kuma yaushe ake lissafi? Ku rubuta, ku sa shaidu, domin Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da rubuta bashi a cikin Suratul Baƙara, kuma zumunci da yawa ya lalace a kasuwa saboda an bar magana a kan “ai duk ɗaya ne”.

Game da kuɗi, ka ware abin da zai riƙe gida aƙalla wata shida, daban da jari, ka haɗa da kuɗin haya da na makaranta da na asibiti, tunda inshorar lafiyar da wurin aiki yake biya maka za ta tsaya da zarar ka fita. Ka yi lissafin da farashin yau, ka kuma ƙara wani abu a kai, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kuma kowane magidanci ya ji hakan a aljihunsa. Idan akwai rancen ma'aikata a kanka, ka bincika sharaɗinsa tun yanzu, saboda sassaucin da ake yi wa ma'aikaci yakan ƙare ranar da ya bar aiki.

Kada ka ƙirga fanshonka a cikin jari. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki kuma ya ƙara kashi 10, kuma asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Amma wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, sai ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba sannan zai iya neman a ba shi abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun ba, sauran kuwa sai ya kai shekarun.

Ka sanar da mai ɗakinka tun daga farko, ka nuna mata lissafin, domin ita ce za ta fara ganin canji a cefane, kuma idan da yardarta aka shiga, haƙurin watannin farko zai zo da sauƙi. Ka yi istihara, ka kuma sa wa kanka wa'adi, misali ƙarshen kaka mai zuwa, don kada shirin ya zama jira marar iyaka.

Idan ranar ta zo, ka fita ta ƙofar gaba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tanadi sanarwar wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye, amma ga jami'in banki abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ake bi, kuma yana iya fin haka. Ka ba da sanarwar a rubuce, ka miƙa duk abin da ke hannunka, ka karɓi takardar da ke nuna ba a bin ka komai, sannan ka tabbatar an zuba kuɗin fanshonka har zuwa watan ƙarshe da ka yi aiki.