Ƙurajen hammata da suka ƙi jin maganin makero

Malama, kin ce tabo ɗaya ya fito wa ɗanki, bayan kwana 10 ƙananan ƙuraje suka cika hammata da matsematsi, maganin makero bai yi aiki ba.

Alamun sun fi kama da wata cutar fata mai suna pityriasis rosea. Yawanci bayan mutum da ƙirji take kamawa, amma a baƙar fata takan ɓullo a hammata ko fuska, shi ya sa ake ruɗewa. Da kanta take warkewa cikin mako 6 zuwa 8.

Zafin garin Garwa na ƙara ƙaiƙayin. Ki rage masa wanka da ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi, ki shafa hydrocortisone 1% sau biyu kullum na mako ɗaya. In ƙurajen sun kai tafin hannu ko ƙafa, a gwada jininsa don tunjere.