Amsa: Yadda za ki gyara hirar jaruman labarinki

'Yar'uwa, kin ce labarinki a Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani a ƙasar Sudan, yake faruwa, amma masu karatu sun ce hirar jaruman ba ta yi kama da maganarmu ba. Ina ganin matsalar a wurin cuɗanya Hausa da Larabci take.

Kada ki zuba Larabci ko'ina. Kalma ɗaya ko biyu a cikin zance sun isa, irin su "khalas", "kwayyis" ko "ya zol". Kuma ki raba su bisa shekaru: kaka ta fi riƙe Hausa tsantsa da karin magana, jikanta da ya yi makaranta a birnin Sinnar ya fi jefa Larabci. Da haka mai karatu zai gane wanda ke magana ko ba ki sa "ta ce" ba. Kada ki fassara kalmar a gefe, ki bar amsar abokin hira ta fito da ma'anarta.

Kuskure na biyu ya fi damuna. Kada ki sa tsoho ya zaunar da ɗansa yana ba shi tarihin hijirar kakanni zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, alhali yaron ya taso yana jin labarin. Mutane ba sa faɗa wa juna abin da suka riga suka sani. Ki bar tarihin ya ɓullo cikin gardama, misali kan gadon gona a bakin kogi.

Gaisuwa kuma, layi biyu sun wadatar.

In kin gama babi, ki karanta shi da ƙarfi. Duk inda harshenki ya sarƙe, ki sake jimlar.