Hukuncin ƙaura da iyali zuwa Ingila ta hannun ejan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne, ina lodi a Apapa, muna zaune a Agege da matata da 'ya'ya huɗu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da nake samu ba ya kai mu ƙarshen wata. Wani ejan ya ce zai samo wa matata aikin kula da tsofaffi a Ingila, mu kuma mu bi ta. Sharaɗinsa in sayar da filina in biya shi, ya haɗa mata takardun da ke nuna ta yi aikin asibiti, alhali ba ta taɓa yi ba. Wani kuma ya ce mini zama a ƙasar da ba ta Musulmi ba haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yassare maka, ɗan'uwa.

Fita neman halal asalinta halas ne. A Suratul Mulki, aya ta 15, Allah Ya umarce mu da mu yi tafiya a sasannin ƙasa mu ci daga arzikinSa, kuma neman abincin ne ya kawo Hausawa Ikko. Annabi (SAW) ya tura sahabbai Habasha a shekara ta 5 bayan aiko shi, wajen Najashi, wanda a lokacin Kirista ne, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa.

Wanda ya ce maka haramun ne yana da madogara. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin barranta daga Musulmin da ke zaune a tsakiyar mushirikai. Sai dai Bukhari ya rinjayar da cewa mursali ne, wato a ruwayarsa ba a ambaci sahabin da ya ji shi daga Annabi (SAW) ba, malamai da yawa kuma sun ɗora shi a kan wanda ba ya iya bayyana addininsa. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a nan, har Ibn Abi Zaid a Risala ya karhanta fatauci zuwa ƙasar abokan gaba da ƙasashen baƙar fata, wato wannan yankin namu kafin Musulunci ya kafu a cikinsa. Yau wa zai ce fatauci zuwa Kano makaruhi ne? Hukunci yana bin dalilinsa, dalilin kuwa tsoro ne ga addini. A Landan da Birmingham akwai masallatai, ana Juma'a, ba a hana hijabi. Abin da na fi ji wa tsoro yaran ne: uwa tana aikin dare, uba yana na rana, wa zai kai su Islamiyya?

Amma matsalarka tun kafin a kai nan take. Takardun nan ƙarya ce rubutacciya, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Kasancewar wanda za a ha'inta ba Musulmi ba ne bai halatta ha'incin ba. Sannan tsoho marar lafiya za a damƙa wa matarka bisa zaton ta san aikin. In ya cutu, alhakin yana wuyanku.

Ga kuma abin da ejan bai gaya maka ba. Tun watan Maris na 2024 Ingila ta hana sababbin masu wannan aiki tafiya da iyalansu, a Yulin 2025 kuma ta rufe ɗaukarsu daga waje gaba ɗaya. Yana sayar maka da abin da babu shi. Sayar da fili saboda wannan yana shiga hadisin Abu Dawud: ya ishi mutum zunubi ya tozartar da waɗanda yake ciyarwa.

Saboda haka tafiya ta wannan hanyar ba ta halatta ba, kada ka sayar da filin. In ka samu aiki na gaskiya da takardunka na gaskiya, ka tabbatar kamfanin yana cikin jerin waɗanda gwamnatin ƙasar ta ba lasisin ɗauko ma'aikata, matarka ta yarda, kun san unguwar da za ku sauka da inda yara za su yi karatun addini, to ka yi istihara ka tafi, babu laifi a kanka.

Wallahu a'alam.